Komai na ƙungiyarmu a hannun mutum ɗaya yake, ta ina ake fara gyara?

Sabuwar Sakatariya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka daɗe a harkar ƙungiyoyin taimakon al'umma. Ina aikin sakatariya a wata ƙungiya da ke taimakon yara marasa galihu su zauna a makaranta, kuma gsky aiki ana yinsa babu wanda zai ce ba a yi. Damuwata ita ce komai a hannun shugabanmu yake wanda shi ya kafa ta, shi ke magana da masu ba da tallafi shi ke sa hannu a banki shi ke riƙe da lambar sirrin imel, in yayi tafiya ko ya kwanta rashin lafiya to ofis ya tsaya cak, ko takardar firinta sai an jira shi. Ga shi kusan duk kuɗinmu daga gidauniya ɗaya suke zuwa kuma kwantiragin ya kusa ƙarewa. Wlh ba zarginsa nake ba, mutumin kirki ne. Tsoro kawai nake ji. Ta ina ake fara gyara irin wannan ba tare da an ɓata da juna ba?

Tsohon Odita:
Wa'alaikis salam 'yata, Allah ya yi miki albarka da kika lura da wannan tun abu bai lalace ba. Ki fara ta kan kuɗi, ba don shugabanku ɓarawo ne ba, sai don nan ne gyara ya fi sauƙi kuma nan ne ɓarna ta fi muni. Ƙa'idar tsohuwa ce, wanda ya nemi a kashe kuɗi daban, wanda ya amince daban, wanda ya biya ya shigar a littafi daban. Ko ku huɗu ne kacal a ofis ana iya raba wannan. Asusun banki kuma ya zama sai mutum biyu sun sa hannu kafin sisi ya fita, kuma kada na biyun ya zama wanda ake kai wa cek babu rubutu ya sa hannu a ajiye, wannan na gani sau ba adadi kuma daidai yake da babu.

Sai abin da mutane suka fi rainawa. Duk ƙarshen wata wani wanda baya sa hannu a banki ya karɓo sitetimen ɗin banki, ya buɗe littafin kuɗi a gefe, ya ɗau biro da rula yana bi layi layi, wannan ya fita ranar kaza ina baucansa ina rasit, ya yi alama, ya sauko layi na gaba. Duk wanda bai samu takardarsa ba ya zagaye shi ya rubuta tambaya a gefe. Aikin awa biyu ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to wannan zaman na awa biyu shi ne duba bangon.

Ɗan Sa-kai:
Baba amma ai akwai odita na waje da ake kawowa duk shekara, shi ba aikinsa kenan ba?

Tsohon Odita:
Ɗana, aikin da na yi har na tsufa kenan don haka bari in faɗa maka gaskiya. Odita na waje samfuri yake ɗauka, baya bin kowace takarda, kuma yana zuwa ne bayan shekara ta wuce. Akwai ƙungiyar masu binciken zamba ta duniya, ACFE, mai hedikwata a Amurka, duk shekara biyu suna fitar da rahoto. A na 2024 kashi 43 cikin 100 na almundahanar da aka gano wani ne ya tsegunta, kuma fiye da rabin masu tseguntawar ma'aikatan cikin gida ne. Wadda odita na waje ya kamo bata kai kashi 5 ba. Kuma yawanci abin yana kai shekara guda ana yi kafin a farga. Shi ya sa nake cewa ƙungiya ta samar da hanyar da ƙaramin ma'aikaci ko direba zai iya kai magana wajen kwamitin amintattu ba tare da ya bi ta ofishin shugaba ba kuma ba tare da ya rasa aikinsa ba.

Uban Tafiya:
Ku yi min afuwa zan shigo, domin ni ma na kafa ƙungiya kuma irin maganar nan tana taɓa ni. Kullum mu ake nunawa da yatsa, wai mun riƙe komai. To lokacin da babu ko kujera a ofis wa ya zo? Da aljihuna na biya haya na biya rajista, na yi yawon roƙo har ƙafata ta gaji, waɗanda na sa a kwamiti in ka kira mitin mutum biyu ke zuwa sauran sai uzuri, yau biki gobe tafiya, takarda in ka tura musu su karanta ko buɗewa basa yi. In ban riƙe ba wa zai riƙe? Sai da tallafi ya fara shigowa sannan kowa ya tuna akwai tsarin mulki. Ba faɗa nake ba 'yata, ina so dai ku san shi ma shugaban naku ƙila ba son mulki ne ya sa shi haka ba, rashin wanda zai miƙa wa ne.

Hajiya Ma'aji:
Alhaji ranka ya daɗe, babu wanda ya isa ya raina wahalar da masu kafa ƙungiya suke sha, Allah ya saka muku. Amma ka bar ni in faɗi abu biyu. Na farko tsarin nan kai yake karewa kafin kowa. Ranar da wani ya tashi ya ce an ci kuɗin marayu, in kai kaɗai ke sa hannu kai kaɗai ke riƙe rasit to babu mai shaidarka sai Allah, ko da ko kwabo baka taɓa ba. In kuwa akwai mutum biyu uku da suka gani suka sa hannu to bakinka ma ba sai ka buɗe ba, takarda za ta yi magana.

Na biyu kuma wanda ya fi ɗaci, daga ranar da aka yi mata rajista a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba ta daina zama taka. Ba kamfani ba ce da ake da hannun jari, ba a gadonta, a yawancin ƙasashe ma doka ta ce in aka rushe ta kadarorinta wata ƙungiya mai irin manufarta ake ba, ba a raba wa waɗanda suka kafa. Amana ce aka ɗora wa kwamitin amintattu su da kai.

Maganar basa zuwa mitin kuma, Alhaji wa ya zaɓo su? Yawanci abokai ake ɗaukowa da 'yan uwa da wani babban mutum don sunansa ya ƙawata takardar ofis, ba a taɓa zaunar da su an ce ga nauyin da ke kanku ba. Mutum bai san cewa in kuɗi suka salwanta shi ma hukuma za ta iya tambayarsa ba, ta yaya zai ɗau abin da zafi.

Dakta:
Hajiya ta gama magana. In ƙara misali ɗaya don Alhaji ya ga cewa sakin ragama ba faɗuwa ba ne. Fazle Hasan Abed ya kafa BRAC a Bangaladash a 1972 bayan yaƙin 'yancin ƙasar, ta girma har ana lissafa ta cikin mafi girman ƙungiyoyi masu zaman kansu a duniya. A 2001 da ransa da lafiyarsa ya sauka daga kujerar babban darakta ya koma shugaban kwamiti, wasu suka ci gaba da tafiyar da aikin yau da kullum yana kallo. A watan Agusta 2019 ya sauka daga shugabancin kwamitin ma, ya rasu a Disamba na shekarar. BRAC bata girgiza ba domin an yi kusan shekara ashirin ana koyon tafiya ba tare da shi a kan sitiyari ba.

Ɗan Sa-kai:
Toh ni dai inada magana kuma kuyi haƙuri in ta yi tsauri. Duk abubuwan nan da kuke lissafawa kuɗi suke ci, akawu albashi, odita kuɗi, mitin ɗin kwamiti alawus, kwamfuta, manhajar lissafi, kafin ka ankara rabin abin da aka bayar don yara ya tafi a ofis. Ni shi yasa duk ƙungiyar da naji tana kashe sama da kashi 10 a harkar gudanarwa bana bata ko sisi. Wanda ya cire daga guminsa ya bayar yaro yake so ya amfana ba ma'aikaci ba

Dakta:
Ƙanena niyyarka kyakkyawa ce amma wannan lissafin na kashi 10 ya kashe ƙungiyoyi masu kyau da yawa. A 2009 wasu masu bincike biyu, Ann Goggins Gregory da Don Howard, sun yi rubutu a mujallar jami'ar Stanford kan yadda abin ke juyawa. Mai ba da tallafi yana zaton kuɗin gudanarwa kaɗan ne, ita ƙungiya don kar ta rasa tallafin sai ta matse kanta ta ƙi ɗaukar akawu ta ƙi gyara kwamfuta ta ƙi horar da ma'aikata, sannan a rahoto ta rage adadin ta tura wasu kuɗin ofis ƙarƙashin sunan aiki, shi kuma mai bayarwa ya gani ya ce ashe ma ana iya yi da ƙasa da haka, badi ya ƙara matsewa. Haka ake ta yi har ƙungiya ta rame, ma'aikatan kirki su gudu, a bar waɗanda basu da wurin zuwa.

A 2013 manyan cibiyoyi uku da ke auna ƙungiyoyin agaji a Amurka, GuideStar da Charity Navigator da BBB Wise Giving Alliance, sun haɗu sun rubuta wa masu ba da gudummawa buɗaɗɗiyar wasiƙa cewa a daina auna ƙungiya da wannan kason shi kaɗai. Masu kuɗin ma sun fara gyarawa, gidauniyar Ford ta ware dala biliyan 1 a shirinta na BUILD don ƙarfafa ƙungiyoyin kansu da tallafin shekara biyar, gidauniyar MacArthur ta ɗaga kason gudanarwa da take biya wa ƙungiyoyin da take tallafawa zuwa kashi 29 daga 2020, ita kuwa attajirar Amurka MacKenzie Scott zuwa ƙarshen 2024 ta raba sama da dala biliyan 19 kuma mafi yawa babu sharaɗin ga abin da za a yi da su.

Ka yi tunani, akawun da ke hana kuɗin yara ɓacewa shi ba yaran yake wa aiki ba?

Ɗan Sa-kai:
Dakta naji, amma kar mu yaudari kanmu mana. Da idona na ga ƙungiyar da aikinta kenan taron bita a otal, a buga bana a ɗau hoto a raba alawus a watse, manyan motoci a ƙofar ofis, in ka je wajen mutanen da ake cewa ana taimako basu ma san sunanta ba. Su ma ai cewa zasuyi ƙarfafa ƙungiya suke

Dakta:
Wannan gaskiya ne kuma ban kare su ba. Abin da nake cewa kason gudanarwa ba shi zai tona su ba, irin waɗannan ma sun fi kowa iya rubuta rahoto mai nuna kashi 8, domin taron otal ɗin a ƙarƙashin aiki suke sa shi. Abin da ke tona su tambaya ɗaya ce, me ya canza a rayuwar mutanen. Ba mutum nawa suka halarta ba, ba jaka nawa aka raba ba.

Akwai wani famfo da aka yi yayi mai suna PlayPump, daga Afirka ta Kudu, lilo ne mai juyawa yara na wasa ruwa na hawa tanki. Kowa ya gani sai ya so shi, a 2006 aka sanar da tallafin sama da dala miliyan 16 daga gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi. Aka yi ta kafawa ana ƙirga adadin da aka kafa. Da aka koma ƙauyukan sai aka tarar yara sun gaji da wasan, mata ne har da tsofaffi ke tura lilon da hannu don su sami ruwa, in ya lalace babu mai gyara a kusa, wasu wuraren ma an cire musu famfon hannu mai aiki aka sa wannan ba a tambaye su ba. Jaridar Guardian ta lissafa cewa kafin a cika alƙawarin ruwan da aka yi sai yara sun yi wasa awa 27 a rana.

Ka kwatanta da abin da BRAC ta yi daga 1980 zuwa 1990 kan gudawar da ke kashe yara. Mata ma'aikata suka bi gida gida, kimanin gidaje miliyan 12, suna koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari. Ba a biyansu da yawan gidajen da suka shiga kawai. Bayan wasu makonni sai wata tawaga daban ta zaɓi wasu gidajen ta koma, a tambayi uwa abin da ta riƙe, a ce ta haɗa a gani, a ɗebi ruwan a kai a auna gishirinsa, abin da uwar ta iya shi ke yanke abin da mai koyarwar za ta samu. Wannan komawar da aunawar kuɗi suka ci, kuma a lissafinka ƙanena kuɗin gudanarwa ne.

Sabuwar Sakatariya:
Kai Dakta wannan ya shige ni. Mu rahotonmu kullum yara nawa muka biya wa kuɗin makaranta, bamu taɓa komawa mun duba nawa ne suka kai ƙarshen shekara suna zuwa aji ba. Kuma rajistar tana nan wajen malamai, zuwa kawai za a yi a duba

Hajiya Ma'aji:
To kin gani ƙanwata, wannan ko kwabo ba zai ci ba sai kuɗin mota. Kuma in kika riƙe wannan adadin shi ne abin da za ki nuna wa sabon mai tallafi.

Bari in dawo kan abin da ya fi tsorata ni a maganarki, gidauniya ɗaya. Kowa a zauren nan ya ga 2025. Ranar 20 ga Janairu gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, zuwa Maris aka sanar an soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen USAID, hukumar Amurka mai raba tallafin ƙasashen waje, zuwa Yuli hukumar ma ta daina aiki. Ƙungiyoyin da suka jingina da ita kaɗai takarda ɗaya aka turo musu a ce a tsayar da aiki yau, ba don sun yi laifi ba, ba don aikinsu bai yi kyau ba. Wanda yake da hanya uku huɗu ya rage ma'aikata ya ci gaba, wanda yake da ɗaya ya rufe.

Shi ya sa ake son ƙungiya ta tara ajiyar da za ta riƙe ta wata uku zuwa shida ko ba abin da ya shigo, albashi da haya da abin da ba a iya tsayarwa.

Uban Tafiya:
Hajiya a nan kam ban yarda ba. Yaro na tsaye a ƙofa an koro shi daga makaranta, uwarsa na kuka, ni kuma ina da kuɗi a banki in ce mata ajiya ce? Da wane ido zan kalle ta? Wanda ya bamu ma in yaji muna ajiyewa cewa zai yi ashe basu da buƙata.

Hajiya Ma'aji:
Alhaji na san zafin nan, na zauna a teburin da ake kuka a gabansa. Amma irin wannan tunanin ne ya rufe Kids Company a Landan. Wata baiwar Allah Camila Batmanghelidjh ta kafa ta a 1996 don yara masu rauni, manufarsu ba a mayar da yaro, abin da ya shigo a kashe, kuɗin da ke shigo musu a shekara ya haura fam miliyan 20 amma ajiya kusan babu. A 2015 gwamnati ta basu fam miliyan 3 don su farfaɗo, a daidai lokacin sai aka ji 'yan sanda sun buɗe bincike kan wani zargi, masu bayarwa suka janye, ranar 5 ga Agusta aka rufe. Binciken 'yan sandan daga baya ba a sami hujja ba, a 2021 kotu ma ta wanke amintattun daga ƙarar da aka kai su. Wato ba sata ce ta kashe ta ba. Da suna da abin da zai riƙe su 'yan watanni har ƙura ta lafa da wataƙila suna nan. Yaran da ake cewa ba za a mayar da ko ɗaya ba rana ɗaya aka mayar da su duka.

Uban Tafiya:
Allah ya kyauta. Amma har yanzu ina ganin ƙaramar ƙungiya wata shida ya mata yawa, ta ina za ta samo.

Tsohon Odita:
A fara da wata ɗaya Alhaji, ba a ce sai an tara a shekara guda ba. Sai dai in ja kunne, ajiya ba daga kuɗin da aka bayar da sharaɗi ake cire ta ba. In gidauniya ta ce wannan na littattafai ne to na littattafai ne, ko albashi ya makale ba a taɓawa da sunan aro za a mayar, daga wannan aron ne ƙungiyoyi da yawa suka shiga ramin da basu fita ba, a ɗebi na aikin bana a toshe na bara, a jira na badi a toshe na bana. In kuɗi sun yi saura ko buƙata ta canza a rubuta wa mai bayarwa a nemi izini a rubuce, ba a waya ba. Ajiya daga kuɗin da babu sharaɗi take fitowa, gudummawar membobi, ƙananan masu bayarwa na wata wata, kason gudanarwa da aka yi ciniki aka samu, ko ɗan abin da ƙungiya ke sayarwa.

Kuma akwai darasi wajen likitocin nan na MSF, ƙungiyar agaji ta likitoci ta duniya. Bayan igiyar tsunami da ta afka wa ƙasashen Asiya a Disamba 2004 kuɗi suka yi ta kwararo musu, cikin 'yan kwanaki suka fito suka ce a daina turo musu kuɗi da sunan tsunami sun sami abin da za su iya kashewa a can, suka nemi izinin masu bayarwa su karkatar da ragowar zuwa wasu wuraren, wanda bai yarda ba a mayar masa da kuɗinsa. Wasu sun soke su a lokacin. Ni kuwa a wajena babu abin da ke sa a yarda da ƙungiya kamar ta iya cewa ya isa.

Ɗan Sa-kai:
Baba maganar sayarwa da ka kawo, me zai hana kowace ƙungiya ta buɗe kasuwanci kawai ta huta da roƙo? Naji BRAC ɗin ma haka take

Dakta:
Tana da su kam, Aarong da ke sayar da kayan masu sana'ar hannu tun 1978 tana cikinsu. Amma da ƙwararrun 'yan kasuwa ake tafiyar da su kuma da littafinsu daban. Ƙungiyar da bata iya daidaita sitetimen ɗin wata ɗaya ba in ta buɗe kasuwanci asara za ta ƙara wa kanta, shugaba ya koma tunanin ciniki yara su zama na biyu. A gyara gida tukuna.

Anti Malama:
Tun ɗazu nake karantawa ban sa baki ba, amma kun yi ta maganar kuɗi kun bar abin da ya fi kuɗi. Da yara fa suke aiki. 'Yata kuna da ƙa'ida a rubuce kan wa ke iya keɓewa da yaro, wa ke zuwa gidajensu, ina yarinya za ta kai ƙara in wani ma'aikaci ko ɗan sa-kai ya mata abin da bai dace ba, kuma wa ke bincikar mutum kafin a ɗauke shi? Oxfam, ƙungiyar agaji ta Birtaniya, da girmanta, a 2018 jaridar Times ta fallasa lalatar da wasu ma'aikatanta suka yi da mata a Haiti bayan girgizar ƙasar 2010, abin da ya fi fusata mutane har da yadda aka bar wasu suka ajiye aiki salin alin suka koma wasu ƙungiyoyin, dubban masu bayarwa suka janye, gwamnatin Birtaniya ta dakatar da basu sabon tallafi na wani lokaci. Kuɗi in sun ɓata ana iya biya. Kar ku ce ai duk mun san juna, masu cutar da yara wurin da aka san juna ba a tambaya suke nema.

Sabuwar Sakatariya:
Anti wlh bamu da shi a rubuce. Yanzu abubuwan sun min yawa ma, banki, kwamiti, ajiya, kariyar yara. Kuma ni ƙarama ce a ofis, ta yaya zan tunkari shugaba da duk wannan bai ga kamar raini ba ne

Uban Tafiya:
'Yata wannan kam ni zan baki amsa tunda na san yadda zuciyar irinmu take. Kar ki kai masa a gaban mutane, kar ki kai masa duka rana ɗaya, kuma kar ki fara da maganar sa hannu a banki, in kika fara da nan kunnensa zargi zai ji ko me kika faɗa bayan haka. Ki fara da na Anti Malama, babu shugaban kirki da zai ƙi a kare yara, kuma ki zo da daftarin a hannu ki ce ranka ya daɗe ga abin da na rubuta a duba a gyara, kar ki zo da ƙorafi hannu rabbana. Daga nan ki ce masa masu tallafin da za mu nema nan gaba za su tambayi tsarin kuɗinmu da minitin zaman kwamiti kafin su bamu, kuma gaskiya ne za su tambaya, gara mu shirya tun yanzu. Sannan ki nemi mutum ɗaya a cikin kwamitin wanda yake jin nauyinsa, sa'ansa ko wanda ya girme shi, maganar banki daga bakinsa ya kamata ta fito ba naki ba. Mu abin da muke tsoro a ture mu gefe bayan mun sha wahala, in ya gane ba ture shi za a yi ba sauke masa kaya za a yi zai fi ki son abin, domin shi ma ya gaji, na rantse miki ya gaji.

Hajiya Ma'aji:
Madalla da Alhaji. In an zo gyaran kwamitin kuma a sa wa'adi, shekara uku a sabunta sau ɗaya shi ne abin da ƙungiyoyi da yawa ke bi, kuma kada duka su sauka lokaci guda. A nemo wanda ya san lissafi, wanda ya san doka, da wani daga cikin iyayen yaran da ake wa aikin. Shugaban da ke karɓar albashi kada ya zama shi ne kuma shugaban kwamitin da ke yanke masa albashin. Duk wanda ɗan uwansa ke neman kwangila ko aiki ya faɗa da bakinsa a rubuta a minit ya fita daga ɗakin har a gama.

Uban Tafiya:
Na yarda da wa'adi ga 'yan kwamiti. Ga wanda ya kafa kuwa ina da ja, shi Abed ɗin da Dakta ya kawo ai kusan shekara talatin ya yi yana darakta kafin ya sauka.

Dakta:
Haka ne Alhaji, ni ma ban ce a ƙirga wa darakta shekaru ba, wa'adi na kwamiti ne. Darakta abin da ake so duk shekara kwamiti ya zauna ya auna aikinsa baya cikin ɗakin, kuma a san wa zai riƙe in ya kwanta asibiti gobe, a rubuce, har da inda lambobin sirri da takardun rajista suke.

Tsohon Odita:
'Yata kafin in manta, kwantiragin da kika ce ya kusa ƙarewa, ki ɗauko shi gobe ki karanta sashen rufewa. Ki duba ranar da rahoton ƙarshe zai shiga, shekara nawa suka ce a adana rasit, me za a yi da kuɗin da suka yi saura, kuma kwamfutoci da sauran kayan da aka saya da kuɗinsu na wa za su zama. In akwai aikin da ba a gama ba ana iya neman ƙarin lokaci ba tare da ƙarin kuɗi ba, amma tun kafin ranar ta cika ake rubutawa, in ta wuce basa saurara.